TARIHIN KOTISOL: ƊAN AIKEN DA JIKI KE TASA IN HANKALI YA TASHI

  

A makon jiya wata baiwar Allah ta aiko mana da saƙo, ta roƙi kada a faɗi sunanta. Ta ce yau shekara biyu ke nan da maigidanta ya rasa aikinsa, ga yara shida, ga surukarta a kwance ita ke jinyarta. Barci ya ƙaurace mata, kai ba ya barin ciwo, da ta je asibiti aka ce jininta ya hau, likita ya ba ta magani ya kuma ce ta rage tunani. Shi ne take tambaya, wai shin tunani wani abu ne da ake gani da ido? Ta yaya abin da ke cikin zuciya zai je ya taɓa jini?

'Yar uwa, tambayarki babba ce. Likitocin duniya sun shafe fiye da shekara 400 suna bin sawun amsarta, kuma tarihin wannan neman shi na kawo miki yau. A cikinsa akwai ɓeraye da tumaki, akwai jita-jitar yaƙi, akwai wata mata da ta tashi daga gadon jinya ta tafi kanti, har da wani tsiro na dajinmu da maharba suka sani. Gyara zama.

Tsokar da aka rasa amfaninta

Idan kin taɓa gyaran kayan ciki ranar layya, kin san ƙoda da kitsen da ke lulluɓe da ita. To a jikin ɗan Adam, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula a kan yaro. Girmanta bai wuce ɓarin goro ba, nauyinta kamar giram 5 ne. A cikin wannan hira za mu riƙa kiranta hular ƙoda.

Wanda ya fara bayyana ta a rubuce wani likita ne na ƙasar Italiya mai suna Bartolomeo Eustachi, wajen shekarar 1563. Ya gan ta, ya zana ta, amma bai san aikinta ba. Haka aka zauna. A shekarar 1716 majalisar masana ta birnin Bordeaux a Faransa ta sa gasa, ta ce duk wanda ya faɗi amfanin wannan tsoka zai samu kyauta. Masana suka yi ta aiko da amsoshi, kowa da irin tasa, a ƙarshe ba wanda aka bai wa kyautar, don ba amsar da ta gamsar.

Sai a 1855 haske ya fara fitowa. Wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison, ya wallafa bayanin majiyyata 11 da ciwonsu ya yi kama da juna. Kasala mai tsanani, rama, tashin zuciya, bugun zuciya mai rauni, sannan fatarsu tana ƙara duhu. Da suka mutu aka bincika, sai aka tarar hular ƙodarsu ta lalace, da yawansu tarin fuka ne ya cinye ta. Shekara guda bayan haka, a birnin Faris, wani masani mai suna Brown-Séquard ya cire wannan tsoka daga jikin dabbobi, ba su daɗe ba suka mutu. Ashe abin da aka raina, rai ba ya zama sai da shi. Har yau ana kiran wannan ciwo da sunan Addison, kuma shugaban Amurka John Kennedy ya yi fama da shi.

Kyanwar da cikinta ya tsaya

Kafin mu ci gaba, bari in yi miki misali da abin da kika sani. Ke kina cikin gida ba ki fita, amma ƙosanki ya kai bakin kasuwa, saƙonki ya kai gidan yayarki, cefane ya shigo. Da me? Da ɗan aike. To haka jiki yake. Ƙwaƙwalwa ba ta barin mazauninta, ƙoda ba ta barin nata, amma suna aika wa juna saƙo ta cikin jini da wasu sinadarai da likitoci ke kira homon. Homon ɗan aike ne, hanyar da yake bi kuma ita ce jini.

Ɗan aiken farko da aka kama daga hular ƙoda shi ne adirenalin, wanda wani Bajapane mai suna Jokichi Takamine ya tace a 1901. Shi ne wanda ke sa gabanki ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, in aka ce miki ga maciji a bayan randa. Wani malami a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, tun yana ɗalibi yake kallon cikin kyanwa da na'urar hoton ciki don ya ga yadda abinci ke narkewa. Sai ya lura da cewa muddin kyanwar tana kwance lafiya, tumbinta yana ta motsi yana aikinsa, amma da zarar ta fusata ko ta tsorata sai motsin ya tsaya cak. A 1915 ya fitar da littafi a kan haka, ya nuna cewa tsoro da fushi suna shirya jiki don ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu. Kin ga dalilin da ya sa ranar da aka yi cacar baki a gida tuwo ba ya wucewa, in ma ya wuce sai ya tsaya miki a ƙirji.

Sai dai adirenalin daga tsakiyar hular yake fitowa. Da aka gwada shi a kan masu ciwon Addison, bai cece su ba. Wato akwai wani ɗan aiken daban a ɓawon hular, wanda shi ne mai riƙe rai, ba a kai ga kama shi ba tukuna.

A wannan tsakani wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, Harvey Cushing, ya ga kishiyar ciwon Addison. A 1912 ya ba da labarin wata budurwa 'yar shekara 23 wadda al'adarta ta ɗauke, fuskarta ta yi fam ta zama zagaye, jikinta ya yi ƙiba, gashi ya fito mata a fuska. A 1932 ya danganta irin wannan ciwo da ƙari a wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda shi ke bai wa hular ƙoda umarni. Masu ciwon Addison ɗan aiken ya yi musu kaɗan, masu ciwon Cushing kuma ya yi musu yawa. Ki riƙe siffar wannan budurwa a ranki, za mu dawo kanta.

Ɓerayen Hans Selye

Mutumin da ya haɗa wannan magana da damuwa shi ne Hans Selye. An haife shi a birnin Biyana a 1907, ya yi karatun likita a birnin Prague, daga baya ya koma jami'ar McGill a Kanada. Tun yana ɗalibi wani abu ke ba shi mamaki. Majiyyata masu ciwo iri daban-daban, amma duk kamarsu ɗaya, ga rashin cin abinci, ga ciwon gaɓɓai, ga rama, ga fuska a yamutse. Mu ma ai mun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

A Kanada ya shiga neman wani sabon homon. Yana tatso ruwa daga ma'ajiyar ƙwai ta shanu yana yi wa ɓeraye allura. Bayan kwanaki ya duba, ya ga abu uku: hular ƙodarsu ta kumbura, sassan da ke ba jiki kariya daga cuta sun motse, tumbinsu kuma ya yi gyambo. Ya yi murna, ya zaci ya gano sabon abu. Amma da ya yi musu allurar wasu abubuwa daban, har da guba, sai ya ga sakamako iri ɗaya. Ya sa su cikin sanyi mai tsanani, haka. Ya sa su gudu har suka galabaita, haka. Ashe ba abin da ke cikin allurar ba ne, wahalar ce kanta.

A watan Yulin 1936 ya wallafa wannan bincike a mujallar Nature. Ya ce jiki yana bin mataki uku in wahala ta same shi. Na farko firgita, jiki ya tashi tsaye. Na biyu juriya, jiki ya daure yana ta fama, mutum yana harkokinsa kamar ba komai. Na uku gajiya, in wahalar ta ƙi ƙarewa, sai ciwo ya samu ƙofa. 'Yar uwar da ta aiko mana da saƙo, ina jin kin gane kanki a cikin wannan bayani.

Amma kada mu ɗauki duk abin da Selye ya faɗa a matsayin yankan wuƙa. An daɗe ana cewa damuwa ce kaɗai ke kawo gyambon ciki, sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana jin magani. Saboda haka mai olsa ta je a gwada ta, kada a tsaya ga cewa tunani ne. Haka kuma bayan mutuwar Selye a 1982, takardu sun fito da suka nuna ya karɓi kuɗin bincike daga kamfanonin taba, waɗanda ke son a ɗora wa damuwa laifin ciwon zuciya a wanke sigari. Ilminsa ya amfane mu, amma wannan tabo yana nan a tarihinsa.

Jita-jitar yaƙi da matar da ta tafi kanti

A cikin shekarun 1930 masana haɗa sinadarai biyu suka duƙufa neman ɗan aiken nan da ya ɓuya, Edward Kendall a asibitin Mayo na Amurka, da Tadeus Reichstein a Suwizalan. Daga mayanka ake kawo musu hular ƙodar shanu tan-tan, su tace su tace, a ƙarshe su samu ɗan garin da bai cika cokalin shayi ba. A tsakaninsu da wasu masanan an ware sinadarai kusan 30. Kendall ya sa wa nasa haruffa, A, B, C, har zuwa F. Mai harafin E shi aka sa wa suna kotizon daga baya, mai harafin F kuma shi ne kotisol, wanda muke magana a kansa. In aka ba mutum kotizon, hanta ce ke juya shi ya koma kotisol kafin ya yi aiki.

Matsalar ita ce abin ya yi kaɗan, bai isa a gwada a kan mutane ba. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. A 1941 labari ya iso Amurka cewa wai Jamus tana sayen hular ƙodar shanu daga mayankan Ajantina, tana yi wa matuƙan jiragen yaƙinta allura don su iya tashi sama ƙwarai ba tare da sun galabaita ba. Labarin ƙarya ne, amma faɗuwa ta zo daidai da zama. Gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi, kuma a ƙarshen 1944 wani saurayi mai suna Lewis Sarett a kamfanin Merck ya haɗa kotizon daga maɗacin shanu, bayan ya bi matakai fiye da 30. Sai a 1948 aka tara 'yan giram da za a iya gwaji da su.

A asibitin Mayo ɗin nan akwai wani likitan ciwon gaɓɓai, Philip Hench. Tun 1929 ya lura da wani majiyyacinsa mai amosanin gaɓɓai wanda ciwon shawara ya kama, sai gaɓɓan suka yi sauƙi. Daga baya ya lura da abin da mata da yawa suka sani a jikinsu, cewa mai irin wannan ciwo in ta samu juna biyu sau da yawa ciwon yakan lafa, in ta haihu ya dawo. Ya ce lallai jiki yana da wani maganinsa na ɓoye. Kusan shekara 20 yana nemansa.

Ranar 21 ga Satumba 1948 aka yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon. Fiye da shekara huɗu tana fama da ciwon, har ta kai da ƙyar take juyawa a kan gado. Bayan kwana uku ta fara motsi ba tare da zafi ba. Da mako ya zagayo ta shiga gari ta yi awa uku tana sayayya. Ikon Allah! A watan Afrilun 1949 aka sanar da sakamakon majiyyata 14, duniya ta ɗauka, jaridu suka ce an samu maganin mu'ujiza. A 1950 aka bai wa Hench da Kendall da Reichstein lambar yabo ta Nobel.

To amma zuma ga zaƙi ga harbi. Matar nan da aka ci gaba da yi mata allurar, fuskarta ta kumbura, halinta ya sauya, wani lokaci murna marar dalili, wani lokaci baƙin ciki mai tsanani. Da aka tsayar da maganin kuma ciwon ya dawo. Kin tuna budurwar Cushing? Likitoci suka gane cewa da hannunsu suke jawo wa majiyyata irin ciwonta in suka ba da maganin da yawa ko aka daɗe ana sha. Hench da kansa ya yi ta gargaɗin cewa maganin yana danne ciwo ne, ba ya tumɓuke shi.

Daga kwankwani zuwa doyar daji

A 1949 ana sayar da giram ɗaya na kotizon dala 200, ga majiyyata miliyoyi suna jira. Maɗacin shanu ba zai isa ba, sai aka koma neman tsiro. A nan ne labarin ya biyo ta yankinmu. Masana sun taɓa samun wani sinadari mai kama da wanda ake buƙata a cikin 'ya'yan wani tsiro mai yaɗo na Afirka ta Yamma, dangin wanda Hausawa ke kira kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Amurka ta turo masana tsirrai a 1949, Suwizalan ma ta turo nata, suka yi ta yawon daji suna tara iri. Abin bai yi nasara ba, domin yawancin 'ya'yan da aka tara ba su ɗauke da sinadarin yadda ake so.

Nasarar ta fito daga wasu wurare. Wani baƙar fatan Amurka, Percy Julian, jikan bayi, wanda ya sha wariyar launin fata kafin ya zama babban masani, ya samo hanya daga waken suya a 1949. A 1951 kamfanin Syntex na Meziko ya haɗa kotizon daga wata doyar daji ta ƙasarsu. A 1952 kuma masanan kamfanin Upjohn suka gano cewa wata fumfuna, irin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu, tana yin matakin da ya fi wuya a cikin haɗin. Daga nan farashi ya faɗi warwas. A wannan shekarar ce kuma aka fara shafa kotisol a fata don ƙaiƙayi da kumburi. Kafin shekarun 1950 su ƙare an ƙirƙiro 'yan uwansa da suka fi shi ƙarfi, irin su firedinisolon da dekzametazon, wanda ya ninka kotisol ƙarfi kamar sau 25.

Aikinsa a jikinki

Yanzu bari mu tattara abin da aka gano. In ƙwaƙwalwa ta hango matsala, wani sashe nata yakan aika wa ƙullutun nan mai girman wake saƙo, shi kuma ya aika wa hular ƙoda, ita kuma ta saki kotisol cikin jini. Saƙon farko na wannan jeri sai a 1981 aka kama shi, bayan wani masani mai suna Wylie Vale da abokan aikinsa sun tace ɓangaren ƙwaƙwalwar tumaki kusan rabin miliyan. In kotisol ya isa, shi da kansa yake komawa ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ya wadatar, a rufe famfo.

Kada ki ɗauka ranar tashin hankali kaɗai yake aiki. Kullum yana nan, kuma yana da lokacinsa. Yakan fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan kin farka, shi ke ba ki ƙarfin tashi ki hura wuta. Daga nan ya riƙa sauka har tsakar dare. Shi ke sa hanta ta saki suga cikin jini in an daɗe ba a ci abinci ba, shi ke taimakawa jini ya tsaya daidai kada ya faɗi, shi ke kwantar da kumburi kada garkuwar jiki ta wuce gona da iri. Ranar zazzaɓi mai zafi, ko haɗari, ko naƙuda, yawansa ne ke riƙe mutum.

Matsala tana zuwa ne in firgitar ba ta ƙarewa. Maciji yakan wuce, amma bashi da rashin cefane da zaman doya da manja da abokiyar zama ba sa wucewa a yini ɗaya. In jiki ya daɗe a cikin shirin faɗa ko gudu, tsarin hawa da saukar kotisol yakan rikice, adirenalin ma yana ta aiki. Barci ya lalace, jini da suga su samu hanyar hawa, kitse ya taru a ciki, mantuwa ta yi yawa, garkuwar jiki ta yi rauni. A 1991 wani bincike da aka yi a Ingila a kan mutum 394 da aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci ya nuna cewa waɗanda suka fi damuwa sun fi kamuwa. A 1995 kuma a jihar Ohio ta Amurka aka gwada mata 13 masu jinyar 'yan uwansu da ciwon mantuwa ya kama, da wasu 13 da ba sa jinyar kowa. Aka yi wa kowacce ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu. Na masu jinya ya ɗauki kimanin kwana 49 kafin ya warke, na sauran kwana 39. Kin ji, mai jinyar suruka? Gajiyarki ba raki ba ce. An auna ta, an gan ta.

Inda tarihin ya taɓa mu mata

A ƙasar Niyu Zilan wani likitan mata, Graham Liggins, yana bincike a kan abin da ke tayar da naƙudar tunkiya, ya gano cewa kotisol ɗin ɗan da ke ciki ne. Sai ya lura da cewa 'yan tumakin da aka haifa tun lokacinsu bai yi ba, in an ba su irin wannan magani a ciki, huhunsu yana iya ɗaukar iska. Shi da abokin aikinsa Ross Howie suka gwada a kan mata 282 masu naƙudar bakwaini, suka wallafa a 1972 cewa jariran sun fi samun sauƙin numfashi kuma sun fi rayuwa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon irin wannan gwaji da aka yi a asibitocin ƙasashe biyar har da Nijeriya, ya tabbatar da cewa allurar tana rage mutuwar bakwaini. Amma aikin asibiti ne mai kayan kula da jarirai, inda aka tabbatar da watannin ciki. Saboda haka in naƙuda ta taso ko faya ta fashe wata bai yi ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi da wuri, domin allurar tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki. A wannan shekarar ta 2020 ce kuma aka gano a Ingila cewa dekzametazon yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, amma bai amfani waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba.

Akwai kuma abin da wani likita, Harold Sheehan, ya bayyana a 1937. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, ƙullutun nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana iya lalacewa. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, kasala ta yi ta cin ta shekara da shekaru, ana cewa lalaci ne ko sammu. In kin san mai irin wannan hali, a kai ta asibiti a faɗa wa likita labarin haihuwar, domin akwai magani.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Maganin nan da aka taɓa sayar da giram ɗinsa dala 200, yau ga shi a kemis da tiren masu talla, har cikin gida ake kawo mana shi. Yana cikin ƙwayoyin ƙiba da wasu ke wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda ake ɗura wa amare kafin biki. Yana cikin mayukan bilicin da yawa da haɗe-haɗen da ba su da suna. Ƙibar da yake kawowa ita ce ƙibar budurwar Cushing, fuska ta cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga da jini su hau. Man kuma yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ga nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, ga ƙuraje da makero, rauni kuma ya ƙi warkewa. Ki duba jikin kwali, ko ki ba ɗan makaranta ya karanta miki. In kin ga an rubuta Dexamethasone, Prednisolone, Betamethasone ko Clobetasol, to dangin kotisol ne.

Wadda ta riga ta daɗe tana sha, don Allah kada ki ji wannan hira ki watsar da shi yau ɗin nan. In jiki ya saba samun kotisol daga waje, hular ƙoda takan daina yin nata. In aka yanke farat ɗaya, sai mutum ya faɗa halin majiyyatan Addison, ga amai, ga jiri, jini ya faɗi, har a rasa rai. Ko mai shafawa a jiki duka na tsawon watanni tana iya shiga wannan haɗari. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki faɗa masa gaskiya ba kunya, shi zai rage miki a hankali. Wadda kuma likita ya rubuta mata don asma ko ciwon gaɓɓai ko na ƙoda, ta ci gaba da sha yadda aka ce. Masu tallar maganin wanke kotisol a waya kuwa, ki riƙe kuɗinki. Abin da rai ba ya zama sai da shi ba datti ba ne da za a wanke.

Ke kuma 'yar uwa mai saƙo, ga amsarki. Tunani yana da hanyar da yake bi ya taɓa jini, kuma an san hanyar. Ki riƙe maganin hawan jininki, kada ki bari don kin ji sauƙi. Ki nemi barcinki ko da na rana ne in yara sun tafi makaranta. Ki motsa jiki ko da zagayen tsakar gida ne. Kada ki haɗiye komai ke kaɗai, ki samu 'yar uwa ko aminiya mai riƙe sirri ki amayar mata. Jinyar suruka kuma a raba ta, tana da 'ya'ya mata da sauran dangi, neman taimako ba rashin ladabi ba ne. In baƙin cikin ya kai ba kya jin daɗin komai, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, wannan ma ciwo ne da ake dubawa a asibiti. Malam maigida, in kana kusa kana jinmu, a bar ta ta je asibiti, a bar ta ta gaida 'yan uwanta, a kuma riƙa yi mata sannu. Lafiyarta ita ce lafiyar gidan.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye wa kowa abin da ke damunsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.